Reza Mai Arha da Zanin Hajiya

Shekara ta biyar ke nan da na fara ɗinkin bargon ƙyallaye, wanda mutanen Amurka suke kira kwilt, wato bargon da ake yanka yadi ƙanana-ƙanana a harhaɗa su har su fitar da zane, sannan a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa wani yadin daga ƙasa, a bi duka ukun da ɗinki. Duk wanda ya taɓa kallon lifidin dawaki a hawan salla ya riga ya ga rabin aikin, domin shi ma yadi biyu ne aka ɗinke da ciko a tsakaninsu. Inda aka rabu shi ne saman bargon, wurin da ƙyalle ɗari uku ko ɗari biyar za su haɗu, kuma ana son kowace kusurwa ta sauka daidai a kan 'yar'uwarta. Cikin kayan aikin da na tara tun daga lokacin, keken ɗinki ne ya fi tsada a ranar saye, amma abin da ya riƙa cin kuɗina kaɗan-kaɗan ba tare da na farga ba shi ne reza.

Ba rezar aski nake nufi ba. Masu wannan ɗinki ba kasafai suke yanka da almakashi ba, suna amfani ne da wata wuƙa da ake kira rotari, wadda ke da mariƙi na roba, a bakinta kuma akwai reza zagayayya kamar kwabo, tana juyawa a kan kusa kamar tayar keke. Ana shimfiɗa yadi a kan tabarmar yanka, a ɗora rula mai kauri wadda ake hango yadin ta cikinta, a danne ta da hannun hagu, sannan a tura wuƙar a jikin rular ana nesanta ta daga jiki. Idan rezar tana da kaifi, yadi ninki huɗu zai rabu a tafiya ɗaya, da wata 'yar ƙara mai daɗin ji, gefensa kuma ya fito santal babu zare ko ɗaya da ya yi saura. Rezar tana zuwa da girma daban-daban, akwai mai faɗin milimita 18, da 28, da 45, da 60, amma ta 45 ita ce ta kowa, kuma a kanta duk wannan magana take.

Kamfanin OLFA na birnin Osaka a Japan ne ya fara fitar da wannan wuƙa a 1979. An yi ta ne da masu ɗinkin tufafi a zuciya, sai masu bargon ƙyallaye suka karɓe ta hannu bibbiyu, domin kafin zuwanta sai mace ta yanko siffa a jikin kwali, ta ɗora a kan yadi, ta zagaye da fensir, ta bi da almakashi, ƙyalle ɗaya bayan ɗaya har ta cika ɗaruruwa. Mutumin da ya kafa kamfanin, Yoshio Okada, shi ne tun a 1956 ya ƙirƙiro wuƙar nan ta yanka takarda da ake karya bakinta idan ya dakushe sai sabon baki ya bayyana, wadda yanzu babu shagon kayan rubutu da ba a samunta. Ina yawan tuna wannan, domin tunanin da ya gina sana'arsa a kai shi ne cewa kaifi abu ne mai ƙarewa, a yi aiki da shi, a yar, a ɗauki wani. Ni kuwa na yi shekara biyu ina riƙon kowace reza kamar gadon kaka.

Dalili kuwa kuɗi ne. Rezar manyan kamfanoni, irin su OLFA da Fiskars ta ƙasar Finlan, idan aka saya ɗai-ɗai a shagon yadi, tana da tsadar da kan sa mutum ya juya kwalin sau biyu kafin ya kai wa mai karɓar kuɗi, ni kuma ban taɓa daina lissafa dala da naira a zuciyata ba. Saboda haka idan na sa sabuwa sai in yi ta jan ta wata uku, wata huɗu, har ta kai sai na bi layi ɗaya sau biyu ko sau uku kafin yadin ya rabu, in kuma ajiye ƙaramin almakashi a gefe don tsinke zaren da ta tsallake. Na saba da wannan hali har na ɗauka haka aikin yake. Kafaɗata ta dama tana ciwo bayan kowane yanka mai yawa, ina ɗora laifin a kan tsayin tebur.

Wata dattijuwa ce ta warware mini, a ƙungiyar matan da muke taruwa ranar Asabar a ɗakin taron wani laburare a nan jihar Ohayo ta Amurka. Ta girme ni da kusan shekara talatin, ta kuma fara wannan ɗinki tun zamanin kwali da almakashi. Ta tsaya a bayana tana kallon yadda nake danna wuƙar da dukan ƙarfina, sai ta miƙo hannu ta karɓa, ta gwada a kan wani guntun yadi, ta mayar mini ba tare da ta ce komai ba. Can ta buɗe jakarta ta ciro wani ɗan akwatin roba mai zagaye, cike da reza goma a jere, babu sunan wani kamfani da na sani a jikinsa. Ta ce ita da daɗewa ta daina sayen mai suna sai don aiki na musamman, kuma kuɗin wannan akwati gaba ɗaya bai wuce na reza biyu masu suna ba. Ta sa mini ɗaya a take. Da na tura wuƙar sai ta kusa kuɓuce mini, domin na danna da ƙarfin da na saba, alhali yadin ya riga ya rabu.

A daren nan na yi odar akwati biyu daga wata kasuwar intanet, kuma daga nan ne na fara koyon abin da dattijuwar ba ta faɗa mini ba, wataƙila don a wurinta ya zama abin da kowa ya sani.

Darasi na farko ya zo mini da tsada, kuma a kan yadin da bai kamata ba. Da na je gida bayan rasuwar mahaifiyarmu Hajiya, da aka raba kayanta na roƙi a bar mini zannuwanta na atamfa guda shida, waɗanda ta ɗaura har suka yi laushi, da niyyar in haɗa su bargo ɗaya. Na wanke su, na goge, na ajiye su kusan shekara ina jiran in ƙware. Ranar da na yanke shawarar farawa, sai na ce bari in sa sabuwar reza don girmama aikin. Na buɗe akwatin, na zaro ta sama, na ɗaura, na ɗauko zanin da na fi so, mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, na ninka shi biyu, na ɗora rula a kan inci biyu da rabi, na tura. Ƙarar da na ji ba ta kaifi ba ce, ta yi kama da yagewa. Da na ɗaga rular sai na ga gefen yadin ya yi geza, kuma wani siririn zare-zaren yadi ya fita tsakanin yankan, kamar an tatsi gefen da ƙaramin cokali mai yatsu. Na ɗauka rezar ce marar kyau, na sake gwadawa a gaba kaɗan, aka sake yin haka. Sai da na kwance notin na ɗaga rezar zuwa hasken taga na ga ashe guda biyu ne manne da juna.

Abin da ke faruwa shi ne, ana shafa wa waɗannan rezoji mai kafin a zuba su a akwati don kada su yi tsatsa, man kuma yana manne su har ido ba ya raba biyu da ɗaya idan ba daga gefe aka duba ba. Wannan yana faruwa da masu tsadar ma idan an saye su da yawa a akwati guda, sai dai na lura masu arhar sun fi zuwa jage-jage da mai. Maganinsa ba wuya: a ɗora tulin a kan tebur, a sa yatsa a tsakiya, nesa da baki, a zame ta sama zuwa gefe maimakon a ɗago ta, sannan a ƙirga waɗanda suka rage. Idan akwatin na goma ne kuma aka ga takwas, to biyu ne a hannu. Bayan haka a goge man da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa waje, domin idan aka bar shi zai bar tabo a kan farin yadi, sai dai a bar ɗan kaɗan a kusa da ramin tsakiya saboda juyawa. Na yi asarar kusan faɗin tafin hannu na zanin Hajiya a tsawonsa duka, kuma ba shi da na biyu a duniya. Na ajiye guntayen a cikin ambulan, na kasa zubarwa.

Da na ba yayata labari a waya, ita da ke da shagon ɗinki a Kano kuma ba ta taɓa yarda da wani abin yanka ba bayan babban almakashinta, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ke dai ba ki ji ba ne, arha ba ta ado. Kayan Hajiya za ki sa wa abin banza?" Na ce, "Yaya, wallahi ba laifin rezar ba ne, ni ce ban duba ba." Ta ce to ta ji, amma in dai tsoron Allah a raina, sauran zannuwan in yanka su da abin kirki. Ban yi mata musu ba, domin a kan waɗannan zannuwa tana da hakki daidai da nawa, kuma daga baya na ga maganarta tana da gaskiya, ko da yake ba ta fuskar da ta nufa ba.

Na shafe watanni bayan haka ina lura da kowace reza da na sa, ina rubuta ranar a jikin 'yar takarda mai manne a kan mariƙin. Abin da na gano shi ne rezar arha, idan an dace da mai kyau, a ranar farko ba ta da bambanci da mai tsada, ko a ido ko a hannu. Bambancin yana fitowa ne a wurare biyu. Na farko, ta fi saurin dakushewa, musamman idan ana yanka yadi mai kauri ko ninki da yawa. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci, ba duka ne suke zuwa iri ɗaya ba. A cikin akwati guda za a sami wadda ta yi aiki har na manta da ita, a kuma sami wadda tun fitowarta daga akwati tana tsallake zare. A rezar manyan kamfanoni ban taɓa cin karo da sabuwa mai aibi ba. Saboda haka abin da mutum yake biya a wurinsu, a ganina, tabbaci ne fiye da kaifi, wato wani ya riga ya zauna ya tace, ya fitar da marasa kyau kafin su iso shago. Wanda ya sayi mai arha shi ne zai yi wannan tacewar da kansa, a kan teburinsa.

Tacewar kuwa tana da hanya mai sauƙi, kuma lissafin makarantar firamare ya ishe ta. Rezar da faɗinta yake milimita 45, kewayenta ya kai kimanin santimita 14, wato inci biyar da rabi. Idan tana da giɓi a wuri ɗaya, to duk zagaye guda da ta yi za ta bar zare ɗaya ko biyu ba a yanke ba, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare za ta zama daidai wa daida, santimita 14 bayan santimita 14. Duk lokacin da na ga haka, na san rezar ce, babu kuma abin da zai gyara ta. Idan kuwa tsallaken ba shi da tsari, yau nan gobe can, to sai in duba wani wuri: ko dai tabarmar ta yi rami a layin da na fi bi, ko notin ya yi sako-sako, ko kuma ni ce nake sassauta hannu idan na kai ƙarshen yadin. Yanzu duk sabuwar rezar da na ɗaura, sai na fara tura ta a kan tsohon zanin gado, ninki ɗaya, tsawon hannu guda, in ja gefe biyun a hankali in ga ko wani zare zai riƙe. Ninki ɗaya ya fi tona asiri, domin yadi mai yawa yana ɓoye ƙaramin giɓi.

A jikin akwatunan masu arha sau da yawa za a ga an rubuta SKS-7. Wannan suna ne na wani nau'in ƙarfen yin kayan aiki a ma'aunin masana'antun Japan, mai ɗauke da sinadarin tangistin, kuma ƙarfe ne mai kyau ga abin yanka. Amma sunan ƙarfe kaɗai ba ya yin wuƙa, kamar yadda kowane maƙeri zai gaya maka. Yadda aka gasa shi aka kuma sanyaya shi ne ke nuna ko zai riƙe kaifi, ko zai yi taushi ya lanƙwashe, ko kuma zai yi taurin da zai sa ya ɓare da zarar ya ci karo da fil. Bayan haka akwai washin bakin, wanda dole ya zama daidai a duk kewayen. Waɗannan abubuwa biyu ba a ganinsu a rubutun kwali. Akwai kuma masu ruwan zinariya da ake cewa an lulluɓe su da taitaniyam. Na gwada su, na ga wasu sun ɗan fi daɗewa, amma lulluɓi ne na sama, kuma idan ƙarfen da ke ƙarƙashi bai samu aiki mai kyau ba, launin ba zai cece shi ba.

Sai maganar ramin tsakiya, wadda ba a cika kula da ita ba sai an sayo an ga bai shiga ba. Ba kowane kamfani ne yake yin ramin rezarsa da siffa ɗaya ba, wasu zagaye ne kawai, wasu kuma suna da 'yan tsage a gefe, kuma wasu wuƙaƙen ba sa karɓar kowace reza sai tasu. Masu arhar sukan rubuta cewa suna shiga kowane mariƙi, amma na taɓa samun akwatin da raminsa ya fi kusar wuƙata faɗi da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, wannan kuwa ya isa ya sa rezar ta riƙa rawa tana kauce wa rula. Yana da kyau kafin a kwance wuƙa a jera sassanta a kan tebur bi da bi yadda suka fito, domin akwai wata 'yar wosha mai lanƙwasa a ƙarƙashin notin, wadda idan aka juya ta baibai rezar ba za ta zauna daidai ba. Notin kuma ba a ɗaure shi tamau. Idan ya yi tsauri rezar ba za ta juya ba, sai ta riƙa jan yadin tana cin wuri ɗaya, idan ya yi sako-sako kuma sai ta yi lilo. Da yawa daga cikin rezojin da na zarga a farko, ɗaurina ne ya ɓata su.

Akwai wata dabara da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu wannan ɗinki a Amurka, ta sayen rezar yanka kafet daga shagunan kayan gyare-gyare, domin girmanta ya yi daidai da ta 45 kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A ƙungiyarmu akwai masu rantsuwa da ita, akwai kuma waɗanda ba sa son jin sunanta. Na gwada sau biyu na bari. Tana yanka, amma sai an danna, kuma abin da aka yi don kafet ba a yi masa washin da siririn auduga yake bukata ba.

Dannawar nan ita ce ainihin abin da ya sa na canza ra'ayi a kan dukan al'amarin. Reza marar kaifi ba ta tsaya a kan ɓata lokaci ba. Idan ana danna ta da ƙarfi tana tura yadin gaba, yadin ya ɗan zame a ƙarƙashin rula, ƙyallen ya fito da ragi ko ƙari wanda ido ba zai kama ba. A wannan ɗinki ana barin kwatan inci ne kawai a matsayin bakin ɗinki, saboda haka babu wurin ɓoye kuskure. Idan kowane ƙyalle ya gaza da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, kafin a jera goma sha shida an rasa inci guda cur, layin nan kuma ba zai haɗu da na ƙasansa ba sai da ja da miƙewa. Bargona na farko yana nan da kusurwoyinsa a karkace, ina ta zargin keken ɗinki, ashe tun daga teburin yanka aka ɓata shi. Haka kuma tabarmar yanka, wadda ta fi reza tsada nesa ba kusa ba. An yi ta ne yadda siririn yanka zai koma ya rufe da kansa, amma reza dakusasshiya ba yanka take yi ba, tono take yi, ramin kuma ba ya rufewa, sai ya riƙa cusa zaren auduga a ciki yana kuma dakusar da kowace sabuwar rezar da ta biyo ta kansa. Tabarmata ta farko haka ta mutu, da wani fari-farin layi a kan inci biyu da rabi.

Sannan akwai yatsa. Mutane suna tsoron sabuwar reza, amma tsohuwar ce take yanka mutum, domin ita ce ake dannawa har ta haye kan rula. Tabon da ke gefen manuniyata ta hagu daga waccan shekara biyun ta tsimi ya fito, ba daga reza mai arha ba. Na yi sa'a abin ya tsaya a filasta. Tun daga ranar nake rufe murfin wuƙar duk lokacin da na ajiye ta, ko da zan sake ɗauka bayan numfashi biyu, kuma ba na barin yatsa ya leƙo gefen rula.

Idan aka haɗa wannan duka, amfanin rezar arha a wurina ba ya cikin kuɗin da na rage, domin idan na yi lissafi na gaskiya, tun da tana saurin ƙarewa kuma wasu ana zubarwa tun ba a yi aiki da su ba, ragin bai kai yadda kwalin yake nunawa ba, ko da yake akwai shi. Amfaninta shi ne ta cire mini ƙyashin canzawa. Idan akwai tara a aljihun tebur, da zarar na ji wuƙar ta fara neman ƙarfi sai in kwance ta ba tare da na yi shawara da kowa ba. Lokacin da nake sayen mai tsada ɗai-ɗai, rabin rayuwar kowace reza a dakushe take yin ta a hannuna. Mai tsadar da ta dakushe kuwa ba ta kai mai arhar da ke da kaifi ba, ko kusa.

Atamfa tana da nata hali a wannan fanni. Sabuwa, wadda ba a wanke ba, tana da tauri da sitati, tana kwanciya lafiya a ƙarƙashin rula, amma na lura tana cin bakin reza fiye da yadin audugar da ake sayarwa a shagunan kwilt, musamman mai ƙyalƙyalin zinariya a sama. Tsohuwa kuma, irin ta Hajiya, ta yi laushi har tana miƙewa, saboda haka tana bukatar a fesa mata sitati a goge kafin a yanka, da reza mai kaifin da ba za ta ja zare ba ko kaɗan. Yadin jins da audugar ciko su ma suna kashe reza da wuri, takarda kuwa ta fi su duka. Don haka nake da mariƙi biyu. Ɗaya na yadi ne, ɗayan kuma na ɗaura masa jan ƙyalle, a kansa nake mayar da rezar da ta gama aikin yadi don yanka takarda da kwali da gefen ciko, har sai ta ƙare gaba ɗaya. Na taɓa sayen ɗan abin wasa reza da ake juyawa da hannu, yana ɗan dawo da bakin da ya dakushe na kwana kaɗan, amma ba ya cike giɓi, kuma tun da na koma masu arha ban sake ɗauko shi ba. Waɗanda suka mutu ina zuba su a cikin tsohon akwatinsu, na rubuta masa alama da jan biro, idan ya cika in naɗe shi da salatif kafin ya shiga shara, saboda masu kwashe ta.

Sauran zannuwan Hajiya biyar da abin da ya rage na mai tsuntsaye, na bi maganar Yaya. Na je shagon yadi na sayi reza ɗaya mai suna, na biya ba tare da na juya kwalin ba, na dawo na goge ta, na gwada ta a kan tsohon zanin gado kamar yadda nake gwada kowace, na duba ta a hasken taga na tabbatar ita kaɗai ce. Na yanka ninki biyu-biyu maimakon huɗu, na kwashe yammaci uku ina yi. Mai tsuntsayen bai isa zagayen da na tsara masa ba saboda abin da ya lalace, sai na rage shi zuwa kusurwoyi huɗu na bargon, na cike gefen da wani shuɗi da take ɗaurawa idan za ta shiga kicin. Guntayen da ke cikin ambulan na zaɓi mafi faɗi a cikinsu, na daidaita gefensa, na ɗinka shi a bayan bargon inda ake rubuta suna da shekara. Da na aika wa Yaya hoton, tambayar da ta fara yi ita ce ko shuɗin nan shi ne wanda ya ƙone a gefe ranar sunan ɗanta na fari, na ce mata shi ne, kuma ƙunar tana nan a layi na uku daga ƙasa, ban yanke ta ba.